Ɗinyar Firji

Muntari ya shigo bayan isha'i
da 'yan robobi huɗu a leda,
waɗanda suka yi laushi, mai kanti ya ce a zubar.
Ya ce, Inna, riyal ashirin ake sayar da ɗaya,
a jirgi suka zo, kamar ke.

Na buɗe. Ƙanana ne, ba su fi idon zabuwa ba,
da wata farar hoda a jiki wadda ba datti ba,
kowane da 'yar hularsa.
Sauda ta ce a nan sunansu tut.
Na ce ƙarya ne,
ɗinya ce wadda ba ta ci ta ƙoshi ba.

Na jefa ɗaya a baki.
Harshena ya shiga neman ƙwallo,
ya duba lungu-lungu, bai samu ba.
Shekara talatin da ɗaya a Hindawiyya
ban san bakina na jiran abin da zai tofar ba.

Da asuba, kafin zafin Jidda ya farka,
kafin gumin teku ya manne wa bango,
na ɗora ƙaramar tukunya.
Ruwa rabin kofi. Sukari tafin hannu,
sai na ƙara kaɗan, don tsaminsu ba shi da kunya.
Citta. Kanumfari uku.
Hel ƙwaya biyu na maƙwabciyata 'yar Yaman,
wadda ba ta shigowa hannu rabbana.

A gida maɗi wuni yake ci:
a jiƙa, a dama, a tace, a bar wa wuta har dare,
Goggo Barira na korar mu da ƙudaje da mafici ɗaya.
Waɗannan ba su san haƙuri ba.
Minti biyar suka fara fashewa, tas, tas,
kamar magulmatan da aka matsa wa tambaya,
suka amayar da duk abin da ke cikinsu.
Abin da ya shiga shuɗi ya koma ja,
ya sake komawa launin sama
tsakanin magariba da isha'i.

Rabi na juye cikin ƙullun masa.
Allah ya yafe mini, tandata ba ta taɓa ganin haka ba.
Masa ta fito da tabo-tabo
kamar gwiwar yaron da ya fara koyon keke jiya.

Sauda ta ci biyar a tsaye, jaka a kafaɗa,
haƙoranta sun rine tana dariya.
Ta ce, Kaka, wai mece ce ɗinya?
Na ce itace ce. Na ce baƙa ce.
Na ce tana bayan gidanmu, wajen rijiya,
inda Ladiyo ta faɗo ta karya hannu
ta ɓoye har kwana biyu
don kada a hana mu hawa.
Ta ce, a wane kanti ake sayar da ita?
Motar makaranta ta yi ƙaho.

'Yar muciyar da na zo da ita naɗe a zani
ita ta ɗauki laifin.
Na wanke da sabulu, na goga lemon tsami,
a garin nan ko toka sai an nema.
Shunin ya ce ya samu gida.
Muntari ya ce zai sayo wata a Bab Makka.
Na ce ya riƙe kuɗinsa.

Saura na zuba a kwalbar zuma.
Da gidan ya yi shiru sai ƙugin firji,
na ci dabino ɗaya, na ajiye ƙwallon a kumatu,
sannan na sha maɗin cokali biyu,
na tsotsa, na juya, na tsotsa,
na buɗe taga
na tofar da shi kan rufin maƙwabta.